Tudun Injiniya

Wanda ya ji ana kiransa Injiniya zai ɗauka ya taɓa gina gada, alhali ko akurkin kaji bai taɓa ginawa ba. Shekara goma sha biyu ya yi yana rubuta rasit a wani kantin kayan gini, yana kallon siminti na shiga yana fita, kuma a nasa tunanin duk wanda ya daɗe yana kallon abu ya riga ya iya shi. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa. Mutane suka kama don tsokana, shi kuwa ya riƙa amsawa yana gyara wuyan riga.

Matarsa, Maman Biyu, ita ta san azabar sunan nan. Gida tara suka zauna cikin shekara goma sha ɗaya, kuma ba faɗa ne ke tashinsu ba, gyara ne. A wani gidan famfo ne ke ɗiga, Injiniya ya ce aikin minti biyar ne, aka wuni ana kwashe ruwa daga ɗakin maƙwabcin ƙasa. A wani kuma ƙofa ce ba ta rufuwa sosai, ya gyara ta, ta rufu har sai da aka fito da su ta taga. Shi ya sa akwai wani kwali da Maman Biyu ba ta taɓa kwance igiyarsa ba. Agogon bango ne a ciki, na mahaifiyarta, ta ce ba za ta rataye shi ba sai a gidan da ta tabbata za ta daɗe.

Gida na goma ya shiga ranta tun ranar farko. A bayan gari yake, a wani layi mai shiru da itatuwa gefe da gefe, kowane gida da ɗan filinsa a gaba, yara na tuƙa keke a tsakiyar titi da yamma. Layin ba ya ɓullewa, hanya ɗaya ce shiga da fita. Titin ya gangaro daga can sama har bakin babbar hanya, gidansu ne na ƙarshe a ƙasan gangaren. 'Yan biyunsu, mata 'yan shekara bakwai, ba su yi sati ba suka iya keke suka yi ƙawaye.

Mai gidan wata tsohuwa ce da kowa ke kira Gwaggo, a cikin gari take zaune. Ranar da ta miƙa makulli ta ce, "Wata uku na ba ku na gwaji. Ranar da suka cika zan zo da kaina in tambayi maƙwabta. In mutum ɗaya ya kawo ƙara, ku tattara. In babu, in sa muku hannu shekara biyar."

Tana tafiya Maman Biyu ta tsare mijinta a falo.

"Baban Biyu, ka rantse mini ba za ka gyara komai a gidan nan ba."

"Ko ƙwan fitila?"

"Ko shi. In ya mutu mu zauna a duhu, mun gode."

Ya rantse, kuma a yi masa adalci, ya yi ƙoƙari. Wata biyu da sati biyu yana wuce marfin taga mai ƙara yana kau da kai, hannunsa na masa ƙaiƙayi.

Sai aka kira taron layi a gindin itacen ƙofar gidan Hedimasta, wani tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya, wanda shi ke shugabantar mazauna layin. Matsalar ɗaya ce. Direbobi kan ɗauka layin yana ɓullewa, su shigo a guje, su ci karo da katanga a can sama, su juyo a fusace da gudun da ya fi na farko. Ranar Laraba saura ƙiris wani ya kwashe ɗan Nas, ma'aikaciyar asibiti da ke gida na uku.

Hedimasta ya gyara tabarau ya ce, "Za mu rubuta wa hukuma ta zo ta yi mana tudun rage gudu. Amsa takan ɗauki wata shida."

Injiniya ya miƙe tsaye. "Wata shida? Ranka ya daɗe, wannan ai ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Kuna da Injiniya a layi kuna rubuta wasiƙa?"

Nas ta dube shi sama da ƙasa. "Ka taɓa yin irinsa?"

"Baiwar Allah, simintin da ya bi ta hannuna, da za a tara shi wuri guda, da an yi sabon gari. Ku ba ni Asabar ɗaya."

Maman Biyu ta mintsine shi ta baya har sai da ya ɗaga ƙafa. A hanyar gida ta ce, "Ina rantsuwarka? Sati biyu fa ya rage."

"Rantsuwata ta cikin gida ce, Maman Biyu. Wannan titi ne. Kuma ki yi tunani: Gwaggo ta zo ta tarar duk layi na sa mini albarka. Shekara biyar? Goma za ta ba mu, har da ban haƙuri."

Ranar Asabar babbar motar kantinsu ta sauke siminti da yashi da tsakuwa a ƙasan ƙofar gidansu. Nan ya zaɓa, don duk wanda zai shiga ko zai fita ya ga aikin, ya kuma ga gidan wanda ya yi shi. Saura sanin tsayi. Injiniya ba shi da mota, kuma motar da ya sani a duniya ita ce wannan babbar. Ya jera bulo biyu, ɗaya a kan ɗaya, ya sa direban ya bi ta kai. Motar ta wuce ko gezau.

"Shi ke nan," in ji shi. "In babba ta wuce, ƙarama wace ce?"

Ya tuɓe riga, ya kama shebur. Kwaɓin farko ya yi ruwa, ya ƙara siminti. Ya yi tauri, ya ƙara ruwa. Haka ya yi ta yi har kwaɓin ya ninka abin da ya yi niyya sau uku, kuma tunda ba a zubar da siminti, ya lafta shi duka. Yana cikin lailaya gefe sai ga Hedimasta da sandarsa.

"Malam Injiniya, wannan da kake shirin rufewa bakin lambatu ne. Duk ruwan layin nan ta nan yake shiga."

"Rami a layin yara? Ranka ya daɗe, kai alli ka sani, ni siminti na sani. Kowa ya tsaya a fagensa."

Ya shafe bakin lambatun sumul. Kafin simintin ya bushe ya ɗauki tsinke ya rubuta INJINIYA a gefe da manyan baƙaƙe, don kada wani ya zo gobe ya ce shi ya yi.

Litinin da safe Nas ta fito za ta asibiti. Injiniya na tsaye a ƙofar gida da kofin shayi, yana jiran godiya. Motarta ta hau tudun, aka ji wani ƙara mai sa haƙora tsami, ta sauka ta ɗaya gefen tana ruri. Salansarta na kwance a kan tudun tana hayaƙi.

Nas ta fito ta kama ƙugu. "Mene ne wannan?"

"Motarki ce ta cika gajarta."

"Shekara shida ina tuƙa ta, ba ta taɓa gajarta ba sai yau."

"To, kin rage gudu ko ba ki rage ba?"

"Na rage salansa!"

Hedimasta ya zo a bayanta, ya tsaya, ya fito ya auna tudun da sandarsa, sannan ya auna ƙasan motarsa. Ya koma da baya har ƙofar gidansa, ya rufe motar da tampol, ya fito da ƙafa.

Injiniya ya ce ƙaramin abu ne, gangara kawai tudun ke so. Da yamma ya kawo katakai biyu ya jingina. Mai kawo gas ne ya fara gwadawa da babur ɗinsa. Gaban katakon ya nutse, bayansa ya tashi ya mari tukunyar gas, tukunyar ta gangara babbar hanya, mai ita na bin ta yana ihu a kauce. Washegari Injiniya ya sake kwaɓa siminti don ya yi gangarar ta dindindin. Da ya gama sai ya ga gangarar ta fi tsakiya tsayi, ya ƙara wa tsakiyar don su daidaita.

Daga ranar bas ɗin makaranta ta daina shigowa. Iyaye suka riƙa rako yara har bakin hanya suna tsallake tudun da su ɗaya bayan ɗaya. Direban motar shara ya zo ranar Alhamis, ya leƙo ta taga, ya ce shi shara aka ɗauke shi kwashewa ba hawan dutse ba, ya juya. Buhunan shara suka fara taruwa a ƙofar kowane gida, ƙudaje suka samu unguwa. Masu motar da suka samu suka fita ba su ƙara shigowa da ita ba, waɗanda ke ciki kuma suka zama 'yan kallo.

Duk wannan ko a jikin Injiniya. Ya tare Hedimasta a hanya ya ce, "Ranka ya daɗe, faɗi gaskiya. Tun da na yi tudun nan ka ga mota ta yi gudu a layin nan?"

"Ban ga mota ba ma."

"To ka gani."

Ranar Juma'a, ana gobe Gwaggo za ta zo, Maman Biyu ta fidda rai. Ta fito da tsofaffin kwalaye daga bayan ƙofa ta fara kakkaɓe su. 'Yan biyu suka tambaye ta ko sabon gidan ma akwai wurin keke, ta ce su je su wanke hannu. Wannan ne ya taɓa Injiniya, don yana son matarsa, kuma ya san wannan kakkaɓar, sau tara yana ganinta. Ya zauna ya yi tunani mai zurfi, abin da bai taɓa haifar masa da alheri ba.

"Na samo," ya ce. "Maƙwabta mutanen kirki ne, za su rufa mana asiri. Abin da ake tsoro Gwaggo ta ga tudun da idonta. To ba za ta gan shi ba."

"Hadiye shi za ka yi?"

"Ki zuba ido."

Asabar da sassafe ya fito da galan biyu na baƙin fenti. Ya shafe tudun kaf, ya yi baƙi wuluk irin na kwalta, har in ka tsaya daga bakin hanya ba za ka ce akwai komai a wurin ba. Sunansa kaɗai ya kewaye da burushi, zuciyarsa ba ta ba shi ya shafe ba. Ya shiga ya sa farar rigarsa ta zuwa taro, ya fito ya tsaya a ƙofa, hannu a baya. Hadari ya haɗo ta gabas, bai ko ɗaga kai ba.

Ƙarfe goma motar Gwaggo ta karyo kwana. Tsohuwar mota ce doguwa, ta marigayi mijinta, cikinta kusan yana shafar ƙasa, direbanta kuma tsoho ne mai tabarau mai kauri. Ya ga titi baƙi shimfiɗe a gabansa, ya taka mai. Sai a lokacin Injiniya ya tuna cewa abin da ba a gani ba a rage masa gudu. Ya ɗaga hannu biyu yana ihu, direban ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga masa nasa.

Motar ta hau, cikinta ya zauna daram a kan tudun, ƙafafunta huɗu suka rabu da ƙasa suna juyawa. Ta sunkuya gaba, ta dawo baya, ta ci gaba da lilo a hankali. Ƙofofin layin suka fara buɗewa.

Gwaggo ta sauke gilashi. "Wa ya kawo dutse layin nan?"

"Barka da zuwa, Gwaggo. Ai ƙasar wurin nan ce haka, tasowa take yi da kanta. Mu da muka san harkar..."

"Fentin ma ƙasar ce ta shafa wa kanta? Nuna mini hannunka."

Ya nuna. Baƙi ƙirin har gwiwar hannu, kuma bayan farar rigar, inda ya ɓoye su, ya ɗauki hoton yatsu goma. Gwaggo ta leƙa ƙasa ta karanta abin da ke rubuce a gefen tudun.

"Ƙasar har ta iya rubutu," ta ce.

Kafin ya samo amsa sama ta tsage. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya taru daga can saman layi ya gangaro, yana kwasar buhunan sharar sati biyu gida-gida. Ya iso ƙasa ya nemi lambatunsa na kullum, ya tarar an shafe. Ya nemi wucewa, tudu ya tare. Sai ya yi abin da ya rage masa, ya karya kwana ya shige ƙofar gidan Injiniya da duk abin da ya ɗauko.

Injiniya ya ruga ya tsaya a ƙofar ya ware ƙafafu da hannuwa, wai zai tare. Wani buhun shara ya doke shi a gwiwa, ya zauna daɓas a cikin ruwan, ɓawon ayaba ya sauka a kafaɗarsa. Gwaggo na zaune a sama cikin motar da ke lilo, tana kallon ruwa na shiga falon gidanta, takalman 'yan biyu na fitowa ta ɗaya gefen suna iyo.

Maƙwabta suka taru da lema. Aka kawo kujera, maza huɗu suka sauko da Gwaggo suka ɗauke ta a kai har barandar Nas. Ana ajiye ta sai ga Maman Biyu ta fito daga gida, ruwa har ƙwauri, 'yan biyu na riƙe da zanenta, kwalin nan mai igiya a kanta. Duk gidan shi kaɗai ta ɗauko. Ta zo gaban Gwaggo ta rusuna.

"Gwaggo, ba sai kin wahalar da kanki da tambaya ba. Mun saba. Ki ba mu kwana uku kayan su bushe."

Ba ta yi kuka ba, kuma rashin kukan ne ya sa wurin ya yi tsit. Gwaggo ta dube ta, ta dubi kwalin, sannan ta buga sandarta a ƙasa.

"Na ce zan tambaya, kuma zan tambaya. Wa ke da ƙara?"

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Nas ta ɗaga biyu. Direban Gwaggo ya ɗaga nasa ta tagar motar, don har yanzu ba a sauko da shi ba. Ɗaya daga cikin 'yan biyun ta duba hagu da dama, ita ma ta ɗaga.

"Har ke?" in ji Injiniya daga cikin ruwa.

"Baba, kekena ya tafi."

Nas ta sauke hannuwanta ta ce, "Gwaggo, a gyara zance. Ƙarata a kansa take, ba a kanta ba. Matar nan ita ke riƙe mini yaro duk ranar da aiki ya tsare ni. In ta tashi, ni aka hukunta."

Hedimasta ya yi gyaran murya. "Ni kuma tambaya gare ni. In aka kore shi, wa zai fasa wannan abin? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ban da haka, in muka sake shi, wani layin zai je, wurin bayin Allah da ba su san shi ba. Mu dai mun riga mun san shi. Alhakinsu zai hau kanmu."

Aka kwashe da dariya, har Gwaggo sai da ta rufe baki da gefen mayafi. Ta ciro takardar hayar gidan daga jaka, ta ɗora a kan kwalin da Maman Biyu ta sauke, ta soke sunan da ke sama ta rubuta wani.

"Ke na ba wa gidan, 'yata, shekara biyar. Shi kuma ki ajiye shi yadda ake ajiye ashana a gidan yara. Kai, Injiniya!"

"Na'am, Gwaggo."

"Da hannunka ka gina, da hannunka za ka fasa. Ka fara da lambatu, sannan ka sauko mini da mota, da direban da ke ciki."

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Siminti dai an zuba shi babu tausayi, guduma na sauka tana dawowa. Kwana huɗu ya yi kafin ya buɗe gurbin da mota ɗaya za ta bi, ita ma sai ta lallaɓa. Kullum da ya dawo daga kanti yana nan zaune a tsakiyar titi yana ƙwanƙwasa, kuma babu direban da ke wucewa bai tsaya ba.

"Sannu da aiki, Injiniya! Yaushe za a fara gadar?"

Har waɗanda suka shigo bisa kuskure sukan taka birki su ga mutumin da ake ba da labari. Bayan wata guda Hedimasta ya sanar a taro cewa tun da aka kafa layin ba a taɓa samun lafiyar titi irin wannan ba, don haka ana roƙon Injiniya kada ya yi gaggawa.

Ya dawo gida ƙirji a gaba. "Kin ji ko, Maman Biyu? Da ma shirina ke nan tun farko. Mutane ne ba su da haƙurin ganin ƙarshen aiki."

Tana durƙushe a tsakiyar falo, ta kwance igiyar kwalin nan. Ta ciro agogon, ta goge gilashinsa da gefen zane, ta ɗaga shi jikin bango tana neman inda zai zauna. 'Yan biyu na ta gardama, wannan ta ce sama, wannan ta ce ƙasa.

Injiniya ya dubi bangon, ya dubi gudumar da ke hannunsa, idonsa ya yi haske.

"Kawo in kafa miki ƙusa. Aikin minti..."

"Zauna!" in ji su ukun a tare.

Ya zauna. Maman Biyu ta karɓi gudumar daga hannunsa, ta kafa ƙusar da bugu uku, ta rataye agogon mahaifiyarta. Injiniya ya karkata kai ya ce a ganinsa ya ɗan karkace ta hagu. Ta ce ta sani, haka za a bar shi.